Matuƙin da Ya Cika Sauri

A gidan adana tsofaffin finafinai, in ka sauka matakalar da ke bayan ofishin shugaba ka karya hagu, za ka tarar da wata ƙofar ƙarfe da ba ta rufuwa sai an doke ta da gwiwa. Ɗakin da ke bayanta ba shi da taga. Sanyinsa na ratsa ƙashi, an jera gwangwanayen fim a kan kantoci tun daga ƙasa har rufi, a tsakiya kuma ga tebur mai fitila a cikinsa da kujera ɗaya wadda sosonta ya daɗe da mutuwa. A kan wannan kujera wata mata ta ƙarar da ƙuruciyarta har furfura ta cim mata. Ma'aikatan gidan suna kiranta Goggon Jirage, sunan kuwa ya bi ta har ya danne na yanka, don ko baƙo ya zo da shi yake tambayarta.

Aikinta ba shi da wuyar faɗa. In aka tsinto tsohon fim na yaƙin da aka yi kafin a haife ta, a wani sito ko a ƙarƙashin gadon wani mamaci, ita ake miƙa wa ta faɗi wane irin jirgi ne a ciki, na wace runduna ce, kuma wane ne mutumin da ke hawansa. Jiragen wancan zamani katako ne da zane da waya, fiffike hawa biyu, da farfela a hanci wadda sai ƙato ya murɗa ta da hannu kafin inji ya kama. Ga ni da kai duk kamarsu ɗaya. Ita kuwa daga lanƙwasar wutsiya, ko tazarar tayoyi, ko yadda sandunan da ke tsakanin fiffike suka karkata, sai ta gaya maka sunan jirgin tun kafin ka gama gyara tabarau. An taɓa kawo mata fim da babu jirgin ma a ciki, inuwarsa ce kawai ta gifta a kan ciyawa, ta kuma faɗe shi.

Matuƙan su ne ciwon kai. Kowannensu da hular fata, da tabarau mai rufe rabin fuska, da mayafi da ya naɗe baki. Uwar da ta haifi mutum ma sai ta yi da gaske. Saboda haka Goggo ta daina neman fuska, ta koma kallon hali. Wannan sai ya shafi fiffike kafin ya hau. Wancan da ƙafar hagu yake fara takawa. Akwai wani dogo da ba ya ganin kyamara bai gyara ɗamara ba, ta bi shi ta fim wajen takwas kafin ta gano sunansa, ta kuma gano cewa jim kaɗan bayan na ƙarshen aka kakkaɓo shi.

Mutane suna zuwa wurinta, yawanci tsofaffi, da lambar jirgi a baki. Ta nemo musu fim, su ga lambar a wutsiya, su ga wani tsaye a gefe, sai kuka. Nan ne Goggo take ɓata wa mutane rai.

"Lambar ta jirgi ce, ba ta mutum ba," haka take cewa. "Suna musayar jirage kamar yadda ake aron tsintsiya. Mai ɗaukar hoto kuma in ya zo, jirgin da ya fi tsabta yake nema, ya tsayar da wanda ya fi kyan gani a gabansa."

Akwai wani matuƙi mai faɗin kafaɗa da gida uku suka yi rantsuwa a kansa, kowa ya ce ubansa ne, alhali ita ta san ba na ko ɗaya daga cikinsu ba ne. Shugaban gidan ya sha kiranta ofis. Ya ce, "Haba Goggo, tsohuwa ta taso daga nesa a kan sanda. In kin ce mata shi ne, me zai ragu a jikinki?" Ta ce abin da zai ragu shi ne wani bawan Allah da ke cikin fim zai rasa sunansa, kuma shi ba shi da bakin da zai yi gardama. Shugaba ya ce da ita da bango ɗaya ne. Wasu sun ce ba ta da tausayi, kuma ban ga laifinsu ba, don ba su san abin da ya kawo ta ɗakin ba.

Mahaifinta matuƙi ne. Tana cikin mahaifiyarta ya tashi wata safiya tare da 'yan'uwansa matuƙa, su suka dawo, shi bai dawo ba. Ba a ga jirgin ba, ba a ga gawa ba. Hoto ɗaya tak ya taɓa ɗauka, shi ma ruwan da ya yoyo ta rufi ya cinye shi a cikin akwati tun tana goye. Mahaifiyarta, wadda take kira Inna, tela ce, da keken ɗinki ta raine ta, kuma mace ce da ba ta son dogon zance a kan abin da ya wuce. In yarinyar ta tambayi kamannin ubanta sai ta ce, "Mutum ne kamar kowa," ta ci gaba da taka keke. Abu ɗaya ta riƙe: lambar jirginsa, wadda ta gani ranar da aka bar iyalai suka shiga filin jirage. Goggo ta girma da lamba a maimakon uba. Da ta gama makaranta ta ji ana neman mai share ƙurar finafinai a gidan adanawa, ta je, ba don tana son fim ba, sai don tana so ta ga mahaifinta ko sau ɗaya, a kuma ce mata shi ne.

Kuma kamar da wasa, tun a shekararta ta farko ta ci karo da lambar. Wani ɗan guntun fim ne. Ga tanti, ga jirgi da lambar ɓaro-ɓaro a wutsiya, can gefe wani makanike yana goge inji da tsumma. Sai wani mutum ya fito daga tantin, a rufe ruf da hula da tabarau, ya ratsa fili, ya hau jirgin. Shi ke nan. Bai juyo ba, bai ɗaga hannu ba.

Ranar ba ta iya cin abinci ba. Ta roƙi alfarma aka ba ta ɗakin majigi, ta je ta ɗauko Inna, wadda ta sa tufafinta na fita unguwa. Aka kashe fitila, aka kunna na'ura. Mutumin ya fito daga tanti yana tsalle-tsalle da sauri, ya faɗa cikin jirgi. Inna ta ce a sake. Aka sake.

"Ba shi ba ne," ta ce.

"Inna, ki duba da kyau. Ga lambar can."

"Na ga lamba. Mahaifinki bai taɓa yin sauri ba a rayuwarsa. Ko gobara ake yi sai ya gama ɗaura takalmi. Wannan ai kamar an zuba masa garwashi a wando."

Ta tashi ta gyara mayafi ta ce tana da ɗinkin mutane a gida. Goggo ta naɗe fim ɗin, ta rufe gwangwanin, ta taka kujera ta tura shi can saman wata kanta inda hannu ba ya kai. Daga ranar ta ɗauki karatun da ta riƙa yi wa mutane har tsufanta, cewa lamba ba ta mutum ba ce. Inna ta ce a'a, kuma wa ya isa ya ja da matar da ta zauna da shi?

Sai ta juya ga sauran gwangwanayen. Shekara ta bi shekara tana nemansa a cikinsu, tana samo uban kowa ban da nata. Ta yi aure da wani mai sayar da magani, mutumin kirki, suka yi 'yan shekaru. Shi ne ya ce mata wata rana, ba da faɗa ba, "Ke fa da matattu aka ɗaura miki aure, ni ɗan rakiya ne." Ba ta musa ba. Suka rabu lafiya, ta koma wurin Inna a ɗakunansu biyu da ke saman wani shagon gyaran rediyo.

Bai yi ƙarya ba. Zama da waɗannan mutane yana taɓa mutum. Samari ne, wasunsu ko gemu bai fito musu ba, suna dariya, suna ture juna, suna magana da baki ba sauti. Ita kuwa ta san ƙarshen kowa. Ta san wannan mai dariyar zai ƙone, wancan zai faɗa ruwa, na ukun zai rayu ya tsufa ya manta sunan 'ya'yansa. Da safe in ta shigo takan ce musu ina kwana a hankali, ta kuma ji kunyar kanta. Wani lokaci in ta tsayar da hoto a kan wanda ya kalli kyamara kai tsaye, sai ta ji kamar jira yake ta gaya masa abin da ta sani. Takan yi maza ta juya fim ɗin gaba.

Abokin aikinta ɗaya ne a ɗakin nan na ƙasa, wani tsoho mai gyaran na'urori, sa'anta, wanda kowa ke kira Mai Gyara. Shi ne ya zo mata da labarin ciwon, ana saura kaɗan ta ajiye aiki. Tsohon fim yana da ciwo irin nasa. Yakan fara da warin tsami, sai ya yi laushi, ya manne, hoton ya riƙa ɓarewa, kuma in gwangwani ɗaya ya kamu yana shafa wa maƙwabtansa. Shugaba ya ba da umarni a bi kantocin duka, a fitar da duk wanda ya yi tsami a kai shi wani ɗaki a waje, wanda kowa ya san ba a dawowa daga cikinsa.

Suka yi ta bi da hanci kamar masu sayen turare. Mai Gyara ne ya taka tsani ya sauko da wani gwangwani da ƙura ta yi wa bargo, ya buɗe, ya kau da kai.

"Wannan kam ya tafi, Goggo. Ji wari."

Ta gane shi tun kafin ta karanta abin da ke jikin murfin. Ta ce ya ajiye mata a tebur. Ba wai ta sa rai da komai ba ne. Kawai ta ga bai dace mutum ya tafi ɗakin waje ba tare da wani ya yi masa kallon ƙarshe ba, ko da ba uban kowa ba ne.

Fim ɗin ya yi rauni ƙwarai, in aka sa shi a na'ura mai inji yayyage shi za ta yi. Sai ta ɗora shi a kan ƙaramar na'urar hannu, mai mariƙi a gefe da ɗan gilashin kallo, ta fara juyawa a hankali don kada ya tsinke. Tanti ya bayyana, da tabo-tabo kamar an yayyafa masa ruwa. Ga jirgi. Ga makaniken nan da tsummansa.

A sana'arsu akwai abin da kowane sabon ma'aikaci yake koya a watanninsa na farko, kuma Goggo da bakinta ta koya wa mutane da yawa. Masu ɗaukar hoto na wancan zamani da hannu suke juya kyamara, kowa da irin saurinsa, kuma yawancinsu ba su kai saurin majigin zamani ba. In ka sa fim ɗinsu a na'ura mai inji, kowa sai ya koma ɗan tsalle-tsalle. In kana son ainihin yadda abin ya faru, sai ka nemi wani abu da ke faɗuwa a cikin hoton, ruwa ko tsumma ko ƙasa daga shebur, ka daidaita hannunka har ya faɗi yadda abu ke faɗuwa a duniya. Lokacin da ta kai Inna ɗakin majigi ba ta san wannan ba, share ƙura take yi. Daga baya ta sani, ta yi wa iyayen mutane wannan adalci ba adadi. Amma ko sau ɗaya tunaninta bai koma saman kantar nan ba.

Makaniken ya yar da tsummansa. Hannunta, don sabo, ya koma baya ya sake, ya rage sauri har tsumman ya sauka ƙasa yadda tsumma ke sauka. Sai mutumin ya fito daga tanti.

Ba sauri yake yi ba. Ko kusa. Yana ajiye diddige, ya ɗan dakata kamar mai tunanin ko ya manta wani abu a baya, sa'an nan ya jawo ƙafar dama, bakin takalmin yana sharar ƙasa. Haka ya ratsa filin nan, kamar yaƙin ne zai jira shi.

Goggo ta saki mariƙin. Ta daɗe zaune hannunta a kan cinya, sanyin ɗakin yana shiga ta ko'ina. Abin da ta ji ba murna ba ne. Haushi ne da tsoro, haushin shekarun da mutumin nan ya yi a saman kanta, taku kaɗan daga kujerarta, da tsoron kada ta sake sa rai a banza. Don tafiya a hankali ba shaida ba ce. Masu tafiya a hankali suna da yawa a duniya, kuma ita ce ta kori mutane da hujjar da ta fi wannan ƙarfi. Mutum ɗaya ne ya rage a raye da zai iya cewa shi ne ko ba shi ba ne.

Inna kuwa a lokacin ta tsufa tukuf. Yanar ido ta rufe mata idanu biyu, ta daina sauka ƙasa, yini take a bakin gado kusa da taga tana sauraron titi. Hankalinta garau, bakinta ma bai mutu ba. Goggo ta rungumo na'urar hannun ta hau da ita gida, ta ja labule, ta kafa wa tsohuwar gilashin a gaban ido, ta juya.

"Me kike gani, Inna?"

"Haske yana rawa."

"Ba ki ga mutum ba? Ga shi nan a tsakiya."

"'Yar nan, ke ma da kike gabana ban gan ki ba, balle mutumin da ke cikin akwati."

Da ta mayar da fim ɗin wurin aiki, ta ga wasu ɓarɓashi sun zubo a gindin na'urar. Rabin tantin ya tafi. Mai Gyara ya duba ya girgiza kai. Ya ce injin kwafi ba zai karɓe shi ba, iyakar abin da zai iya shi ne ya ɗauki hotunan ɗaya-ɗaya a takarda. Ta ce ya ɗauka, amma hoton da ba ya motsi ba shi da tafiya, ita kuma tafiyar ce kaɗai take da ita.

Dabarar ta zo mata ne a gida, wata rana da ta ga Inna ta karkata kai ta ce mai kawo ruwa ne ke hawowa, kuma ya canja takalmi. Aka buɗe ƙofa, shi ne kuwa. Idon ya tafi, amma kunnen yana nan, ya ma ƙara kaifi.

Sai ta shiga koyon tafiyar. Takan juya fim ɗin sau ɗaya, don ba ta da halin yawaitawa, ta zuba ido kamar za ta haɗiye shi, sa'an nan ta tashi ta gwada a lungun da ke tsakanin kantoci. Diddige, dakatawa, jan ƙafar dama. Da farko abin ya ƙi, ta riƙa jin kanta kamar agwagwa. Mace mai furfura da ciwon gwiwa tana kai da kawo a ɗaki mai sanyi tana kwaikwayon mamaci, ba abin da za ka so a gan ka a ciki ba ne, kuma an gan ta. Mai Gyara ya turo ƙofa ya tsaya da sukudireba a hannu.

"Goggo, lafiya? Ko ƙafar ce?"

"Ƙafata lafiya lau. Ara mini takalminka na aiki."

Ya dube ta, ya dubi na'urar da ke kan tebur, bai ƙara tambaya ba. Ya zauna ya kwance takalman, manya masu nauyi, ya tura mata. Ya ce, "Ki cusa takarda a baki, sun yi miki yawa. In kuma Shugaba ya gan ni da silifa, ke za ki yi bayani."

Ta yi makonni a haka. Kowane kallo yana cin wani abu daga fim ɗin. Makaniken ya narke, lambar ta bi shi, daga baya kan mutumin ma ya zama farin tabo, sai ƙafafu biyu kawai suna ratsa fili. Ranar da ƙafafun suka fara ɓarewa ta rufe gwangwanin ta miƙa wa Mai Gyara da kanta, ta ce ya kai shi ɗakin waje. Ta riga ta ɗauke abin da ke ciki.

Da yamma ta koma gida da takalman a jaka. Rana tana shigowa ta taga, mai gyaran rediyo a ƙasa yana ta neman tasha. Inna tana bakin gado. Goggo ta durƙusa kusa da ita ta yi mata bayani dalla-dalla: fim ɗin nan na da, da yadda majigi ya ƙara masa sauri, da yadda ta koyi tafiyar mutumin.

"Zan fita in shigo irin yadda yake tafiya. Ki saurara kawai, Inna. In ba shi ba ne ki ce ba shi ba ne, ba zan ji haushi ba."

"Ke da ba kya gajiya," in ji tsohuwar. "To, je ki."

Ta fita barandar, ta sa takalman, ta ɗaure. Ta tako. Diddige, dakatawa, jan ƙafa. Ta shigo ta ƙofa, ta ratsa simintin ɗakin, ta tsaya a gaban gado.

Inna ba ta motsa ba. Fuskarta tana wajen ƙofa.

"To, ina jira," ta ce.

"Ai na yi, Inna."

"Kin yi me? Shigowa kika yi."

"Tafiyar ke nan. Ta mutumin."

Hannun tsohuwar ya lalubi bakin zanen gado ya kama.

"Takalmin ne kawai ya yi nauyi," ta ce a hankali. "Sauran ai naki ne. Haka kike hawowa kullum."

"Inna, makonni na yi ina koyonta."

"To kin wahalar da kanki."

Tsohuwar ta ci gaba, muryarta ba ta rawa, kamar mai ba da labarin wasu mutane.

"Tun ranar da aka fara sa miki takalmi nake jin mahaifinki yana shigowa. In ɗaga kai, in ga ke ce. Kina 'yar makaranta, in lokacin tashinku ya yi, sai in hau keke in yi ta takawa ko babu abin ɗinkawa, don kada in ji. Daga baya na daina. Na koma jira. Da idon nan ya tafi ma sai abin ya fi sauƙi, don ba na ɗaga kai in ga kowa."

"Shi ne ke nan, Inna? Na cikin fim ɗin?"

"Ni ban ga fim ba. Na dai san wanda ya shigo yanzu."

Goggo ta zauna a ƙasa, da manyan takalman a ƙafarta. Ga amsar da ta ba da rayuwarta tana nema, ta zo, kuma irin wadda da wani ne ya kawo mata ita a wurin aiki da ta ce masa ba hujja ba ce. Amma ta yarda. Har cikin ƙashinta ta yarda, hawaye kuma suka zubo mata ba ta shirya ba.

"Me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba? Kina gani ina ta haƙilo a ramin nan."

"In gaya miki, ki fara lura da ƙafarki?" Inna ta ce. "Abin da mutum bai san yana yi ba shi ne yake yi daidai. Shi kaɗai ya rage mini, 'yar nan. Na ji tsoro."

Rediyon ƙasa ya kama wata tasha, ya sake ta. Suka zauna haka, uwa a gado, 'ya a ƙasa, har rana ta janye daga kan siminti. Can tsohuwar ta gyara zama ta mai da fuskarta wajen ƙofa.

"Cire takalman mutane," ta ce. "Sa naki. Ki koma ki shigo mini yadda kika saba."

Goggo ta cire, ta sa nata, ta fita baranda ta juyo. Sai ta tsaya. Ta dubi ƙafafunta. Da wacce take farawa? A ina dakatawar take zuwa, kafin diddige ko bayansa? Jan ƙafar nan, nata ne na asali ko wanda ta koya a tsakanin kantoci? Tun da take ba ta taɓa tambayar kanta yadda ake tafiya ba, yanzu kuwa kowace gaɓa a jikinta tana jiran umarni. Can ciki tana hango Inna ta karkata kai, bakinta a ɗan buɗe.

Ta daure ta tako, ta shigo, ta ratsa ɗakin har gaban gado.

Tsohuwar ta girgiza kai.

"A'a," ta ce. "Ba haka ba ne. Koma ki sake."